Kamfanin Dala Biliyan Ɗaya a Legas, Layin Caji a Kankiya: Da Me Ake Auna Cigaban Ƙasa?

A ranar 29 ga Oktoban 2024 shafukan labaran fasaha sun cika da labari guda. Kamfanin Moniepoint ya tara dala miliyan 110 daga masu zuba jari, cikinsu har da wani asusu na Google, kuma an ƙiyasta darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Aka yi ta taya juna murna a X da LinkedIn, ana cewa Najeriya ta sake fitar da zakara.

A Kankiya da Kusada kuwa, mutane da yawa ba su ga labarin a ranar ba, domin wayoyinsu a mace suke. Tun 21 ga watan babban layin da ke hauro da wuta daga Ugwuaji ta jihar Inugu zuwa Arewa ya samu matsala, alhali ɗaya layin, na Shiroro zuwa Kaduna, ɓarayin ƙarfe da 'yan bindiga sun riga sun lalata shi. Kano da Katsina da Jigawa da sauran jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa suka ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama sai mai hali, shagunan caji suka cika maƙil. A kan teburan waɗannan shaguna, tsakanin wayoyin Tecno da Itel, har da shuɗiyar na'urar POS ta wannan kamfani da ake yi wa murna, ita ma tana jiran layinta ya zo.

Labaran biyu duk gaskiya ne, kuma a ƙasa ɗaya suka faru, a mako ɗaya. Wanda ya duba na farko zai ce Najeriya ta yi nisa. Wanda ya duba na biyu zai ce ba a ma fara ba.

Ma'aunin masu zuba jari

A duniyar fasaha, sabon kamfanin da darajarsa ta kai dala biliyan ɗaya ana yi masa laƙabi da "yunikon", sunan wani doki mai ƙaho ɗaya na tatsuniyar Turawa, wato abin da ba kasafai ake gani ba. Najeriya ta fi kowace ƙasar Afirka yawansu. Interswitch ya shiga sahun a 2019 bayan Visa ya sayi hannun jari a cikinsa. Flutterwave ya biyo baya a Maris ɗin 2021, kafin shekara ta zagayo darajarsa ta wuce dala biliyan 3. OPay ya kai dala biliyan 2 a Agustan 2021, Andela kuma biliyan 1.5 a wata mai bi masa. A Oktoban 2020 kuma, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200.

Ba ƙaramin abu ba ne, kuma matasan da suka gina waɗannan kamfanoni sun sha wuya kafin su kai nan. Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da kalmar "daraja". Idan mai zuba jari ya ba da dala miliyan 100 ya karɓi kashi 10 cikin 100 na kamfani, sai a ce kamfanin ya kai biliyan ɗaya. Ba wai an ajiye biliyan ɗin a wani asusu a Legas ba ne. Hasashe ne na ribar da mai kuɗin ke sa ran samu nan gaba, kuma galibin masu kuɗin suna Amurka da Turai da Asiya. Lambar tana faɗin abin da suke hange a aljihun 'yan Najeriya. Ba ta faɗin abin da ya ƙaru a cikin aljihun.

Ita ma gwamnati tana da irin nata ma'aunin, wato GDP, jimillar darajar kaya da ayyukan da ƙasa ta samar a shekara. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sabunta yadda take lissafin, ta shigar da sassan da a da ba a ƙirga su yadda ya kamata, irin su sadarwa da finafinai. Cikin dare ɗaya tattalin arzikin Najeriya ya tashi zuwa dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu, ya zama na ɗaya a nahiyar. Washegari farashin tiyar gero a kasuwar Kankiya bai canza ba, kuma babu rijiyar burtsatse ko guda da ta ƙaru a Mawashi ko Kaikai. Shekara huɗu bayan haka, a 2018, masu bincike na cibiyar Brookings suka bayyana cewa Najeriya ta zarce Indiya a yawan masu fama da matsanancin talauci, da mutum kusan miliyan 87.

Mutumin da ya aza harsashin wannan lissafi, Simon Kuznets, tun a rahoton da ya miƙa wa majalisar Amurka a 1934 ya yi gargaɗin cewa da wuya a gane jin daɗin al'umma daga jimillar kuɗin shigarta. Gargaɗin ya tsufa, amma har yau shugabanni da GDP suke fara jawabi.

Tambayoyin da ake yi a ƙofar gida

Akwai wani ma'aunin na daban, wanda masanin tattalin arziki ɗan Pakistan Mahbub ul Haq da abokinsa Amartya Sen na Indiya suka yi wa jagora. Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitar da shi da sunan ma'aunin cigaban ɗan'adam, inda ake haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. A wannan jadawali Najeriya ta daɗe tana ƙasa da ta 160 cikin ƙasashe 193.

Daga wannan tunani aka samo binciken da NBS ta fitar a Nuwamban 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa. Masu binciken ba su tsaya ga tambayar nawa maigida ke samu ba. Sun tambayi da me ake girki a gidan, daga ina ake ɗebo ruwan sha, akwai ban-ɗaki ko daji ake shiga, yara na zuwa makaranta, minti nawa ake yi kafin a isa asibiti mafi kusa, an taɓa kwana da yunwa, an taɓa fuskantar hari. Sakamakon ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na al'ummar ƙasar, suna cikin irin wannan talauci. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42. Jihar Sakkwato ta kai kashi 91, Ondo kuma 27.

Wata guda kafin fitowar wannan rahoto, a Oktoban 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha, kuma a daidai wannan lokacin MTN ya fara 5G a manyan birane. Ba a buƙatar dogon tunani a gane wanne daga cikin labaran ya fi yawo a wayoyin matasa.

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne na karkara, manoma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, da makiyaya da 'yan tireda. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum fiye da dubu 150, Kusada kuma kusan dubu 100, kuma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru sosai. Ba wasu lunguna ne da duniya ta manta da su ba. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa su, daga Yashe da Gidan Mutum Ɗaya har cikin garin Kankiya, akwai babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, akwai kuma tashar rarraba wuta ta kamfanin TCN a Kankiya. Wannan tasha ce ma ta jawo wa garin alkawarin da har yau ake jira.

Megawat 75 a kan takarda

A Yulin 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, NBET, ya rattaba hannu da kamfanoni 14 kan gina manyan tashoshin wutar sola da jimillarsu ta kai megawat 1,125, yawancinsu a Arewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin nisa a shiri shi ne na kamfanin Pan Africa Solar, megawat 75, a Kankiya. Wani kamfanin, Nova Solar, shi ma yana da shirin megawat 100 a jihar. Zaɓen wurin ba kuskure ba ne: ga rana kamar ta narka dutse, ga fili shimfiɗaɗɗe, ga layin wuta a kusa da za a jona.

Don a gane girman abin, wutar da ake raba wa Najeriya gaba ɗaya a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000, kuma abin da ke isa ga KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, 'yan ɗaruruwa ne. Megawat 75 a tsakiyar jihar Katsina da ya sauya lissafin yankin da rana, lokacin da masu walda da injin niƙa da masu sanyaya ruwa ke buƙatar wuta.

Jaridun ƙasashen waje sun ɗauki labarin, an sa sunan Kankiya a taswirorin masu harkar makamashi. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Abin da ya tsayar da aikin ba fasaha ba ce. Farantan sola da za a kafa irin waɗanda ake kafawa a ko'ina ne. Kuɗi da amana ne suka yi ƙaranci. An amince da farashin santi 11.5 na dala a kan kowane kilowat na awa guda. Bankunan da za su ba da bashin ginin sun san NBET ba ya samun cikakken kuɗinsa daga kamfanonin rarraba wuta, su kuma kamfanonin ba sa iya karɓar cikakken kuɗi daga masu amfani da ita, don haka suka nemi gwamnatin tarayya ta tsaya a matsayin mai lamuni. Ma'aikatar kuɗi ta ja baya. Hujjarta ita ce farashin sola na ta faɗuwa a duniya, har Zambiya ta samu tayin santi 6 da ɗoriya a wannan shekarar, saboda haka ta nemi a sauko zuwa santi 7.5. Kamfanonin suka ce bashi a Najeriya ya fi tsada, lissafin ba zai fita ba. Ana cikin wannan ja-in-ja naira ta ci gaba da zubewa. Dalar da ake saya kusan naira 300 a farashin gwamnati a ƙarshen 2016 ta wuce 1,500 a 2024, kuma yarjejeniyar da dala aka ƙulla ta, mai biyan kuɗin wuta kuma naira yake samu.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma sakamakon ɗaya ne: cikin tashoshin 14 babu wadda ta ba da wuta. Da Buhari ya buɗe tashar sola ta Kumbotso a Kano a Janairun 2023, wadda aka kira mafi girma da aka jona da layin ƙasa, megawat 10 ce. A wannan shekarar Nijar ta kammala tata mai megawat 30 a Gorou Banda, kusa da Yamai.

Wanda ya bar Kankiya ya nufi Katsina zai ga ƙanwar wannan labari a Lambar Rimi, inda dogayen fankoki 37 ke tsaye a fili. Tashar wutar iska ce ta megawat 10, wadda tunaninta ya faro tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamnan jihar. Kamfanin Vergnet na Faransa ya karɓi aikin. A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyansa Francis Collomp a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamban 2013 a Zariya, aikin kuma ya shafe shekaru ana ɗage ranar kammala shi. A rahoton nasarorin gwamnati fankokin suna da kyau a hoto. Mai shagon da ke ƙarƙashinsu ya daɗe da janareta yake dogara.

Solar da ta iso ta bayan gida

Abin mamaki shi ne wutar sola ta iso Kankiya da Kusada, sai dai ba ta ƙofar da aka buɗe mata da biki ba. Ta shigo ne faranti ɗaya-ɗaya, a bayan babur da saman motar haya daga kasuwannin Kano. Ga shi a rufin shagon caji, ga shi a masallaci yana juya fanka, ga shi a bakin fadama yana tuƙa famfon ban-ruwa tun da man fetur ya gagari mai noman rani bayan cire tallafi a Mayun 2023.

Cibiyar Ember mai bin diddigin harkar makamashi ta lissafa cewa a watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan sola daga Chaina da ƙarfinsu ya haura megawat 1,700, ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Wato a shekara guda talakawa da 'yan kasuwa da hukumomi sun saya da kuɗinsu fiye da duk abin da kamfanoni 14 suka yi alkawari a 2016.

Ana iya karanta wannan a matsayin nasara, kuma akwai nasarar a ciki. Amma a duba wanda ya biya. Wuta daga ƙaramin faranti da batir ta fi ta babbar tasha tsada nesa ba kusa ba, kuma sai mai jari ke iya saye. Wanda ba shi da shi yana biyan mai shago naira hamsin ko ɗari kullum don a cika masa waya. Idan aka tara na wata, mai ƙaramin ƙarfi a Rimaye ko Kafin Soli yana biyan kuɗin cajin waya fiye da abin da mai mita a Abuja ke kashewa kan wannan 'yar wutar sau da yawa.

Inda waya ta yi rana

Kuskure ne a ɗauka cewa fasaha ba ta tsinana wa talaka komai ba. Binciken da aka yi a ƙasar Hausa ma ya nuna akasin haka.

Tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ɗin waya ke yaɗuwa a Nijar, wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin gero a kasuwannin ƙasar. Ta gano cewa da zarar sabis ya isa kasuwanni, bambancin farashi tsakaninsu yana raguwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake: ɗan kasuwar Maraɗi da a da sai ya hau mota ya je Damagaram kafin ya san farashi, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, hatsi kuma ya tafi inda ake buƙatarsa. A Najeriya, wani bincike na Bankin Duniya da ƙungiyar kamfanonin waya ta GSMA ya bi gidaje daga 2010 zuwa 2016, ya ga cewa a inda intanet ta waya ta isa, matsanancin talauci ya ragu da kimanin maki huɗu cikin ɗari bayan shekara guda, ya kuma ci gaba da raguwa. A Kenya an ƙiyasta M-Pesa, da aka fara a 2007, ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci.

Mutumin Kusada bai karanta waɗannan takardu ba, amma ya san abin da suke faɗa. Ɗan ci-rani da ke tura baro a Legas ko sayar da ruwa a Fatakwal a da sai ya jira direba ko ɗan garinsu mai komawa gida ya ba shi saƙo, ya yi ta addu'a kada a yi fashi a hanya. Yau yana tura kuɗin da safe, kafin azahar mahaifiyarsa ta aiki yaro wurin mai POS ya karɓo.

A nan ne kuma aka ga bambanci tsakanin ƙirƙirar da aka yi don a burge duniya da wadda aka yi don a sami mutum inda yake. A ranar 25 ga Oktoban 2021 Najeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da babban bankinta ya fitar da kuɗin intanet, eNaira. An yi biki a fadar shugaban ƙasa. Wani nazari na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2023 ya nuna cewa kashi 98.5 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. Ita kuwa na'urar POS, da ba a yi mata biki ba, ta shiga kowane ƙauye, domin ba ta buƙatar abokin ciniki ya iya karatu ko ya mallaki babbar waya. Tana buƙatar yaron unguwa da aka sani, da laima, da jakar kuɗi.

Ko wannan bai game kowa ba. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manya a Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi. A Kudu maso Yamma kashi 5 ne. A Arewa maso Yamma kashi 47, kusan rabi, kuma mata sun fi yawa a ciki. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardun naira suka ɓace, waɗannan mutanen ne suka ji jiki. Mai kai akuya kasuwa ya rasa mai saye da tsaba, shi kuma ba shi da asusun da za a tura masa. Wanda ke da asusun ya biya naira dubu ko fiye don ya ciri dubu goma. Kamfanonin manhajar kuɗi kuwa a wannan lokacin suka sami kwastomomi miliyoyi, saboda manhajojin bankuna sun kasa ɗaukar cunkoso. Watannin da suka fi yi wa mutanen karkara ɗaci su ne suka gina darajar da aka yi wa murna a 2024.

Abin da alat ba ya warkarwa

POS yana saurin motsa kuɗi, amma ba ya haifar da su. Idan ɗan ci-ranin bai samu aiki ba, babu alat da zai shigo.

A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a watanni shida na farkon shekarar yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina sakamakon tamowa, kuma ta kula da kusan yara 70,000, kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su. Wannan a jihar da ke noma abinci ne. Ƙungiyar ta danganta abin da tsadar abinci, da rashin tsaro da ke hana noma, da janyewar tallafin ƙasashen waje. A wannan watan ne kuma NBS ta sake sabunta lissafin GDP, tattalin arzikin ya ƙaru a kan takarda da kusan kashi 30 cikin 100.

Ita kanta wayar ba ta tsira daga matsalar tsaron ba. A Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da Dutsin-Ma da ke maƙwabtaka da Kankiya, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Watanni mutane suna hawa mota su je wani gari don kira ɗaya ko cire kuɗi. Daga baya matsalar ta matso gabas, ta taɓa Matazu da Musawa da ƙauyukan Kankiya. Manomin da ba zai iya zuwa gonarsa ba, sanin farashin masara a Dawanau ta WhatsApp bai amfane shi da komai ba.

Sai kuma tsadar shiga. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kamfanonin suna da hujja: dubban turakunsu da dizal suke aiki, kayan aikinsu da dala ake saye, kuma tun 2013 ba a yi ƙari ba. Amma mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuma mafi yawan mutanen Kankiya da Kusada ba ma'aikatan albashi ba ne. Wani ɓangare na kuɗin datar da matashi ke saya a Yashe kuɗin dizal ne, wato yana biyan farashin tashar da ba a gina ba sau biyu, a shagon caji da kuma a katin waya.

Masu cewa a fara da arziki

Akwai masu ganin wannan duka kuka ne kawai. Hujjarsu ita ce ba a raba abin da babu: ƙasa sai ta samar da dukiya kafin ta gina asibiti, kuma Koriya ta Kudu da Chaina da masana'antu da fasaha suka fitar da jama'arsu daga talauci. Maganar tana da ƙarfi. Sai dai tarihin ƙasashen biyu ya nuna sun sa kusan kowane yaro a firamare, sun gyara rabon gonaki, sun kai kiwon lafiya karkara, tun kafin a san Samsung ko Huawei a duniya. Injiniyoyin daga waɗannan azuzuwan suka fito.

Amurka ce uwar ƙirƙira, can Apple da Google da Microsoft suke, amma ɗan Kosta Rika, ƙasar da kuɗin shigar mutum bai kai rubu'in na Ba'amurke ba, ya fi shi tsawon rai a matsakaici. Ƙaramar ƙasar ta soke rundunar sojinta a 1948 ta zuba kuɗi a makarantu da ƙananan asibitoci. A Najeriya, ƙasar yunikon, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsawon rai bai wuce shekara 55 ba.

Gwamnatocin yanzu sun rungumi harshen fasaha. Ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku, ana kuma shirin shimfiɗa kilomita 90,000 na wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa. A Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, ɗan Charanchi maƙwabciyar Kankiya, ya kafa hukumar fasahar sadarwa ta KATDICT. Matashin da ya samu gurbi a irin waɗannan shirye-shirye ya riƙe da hannu biyu, domin ana samun aiki da su. Amma ajin da ake yi ta intanet yana ɗauka cewa ɗalibi na da kwamfuta, da data, da wutar da za ta kai shi ƙarshen darasi, da Turancin da firamare mai kyau ke bayarwa. Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa a Dudunni ko Bauranya ya riga ya fi yawancin tsararrakinsa gata tun kafin ya cike fom.

A ɓangaren wuta ƙofa biyu sun buɗe. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ba sai sun jira sa hannun Abuja irin wanda ya tsayar da aikin Kankiya ba. A Disambar wannan shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara ke gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta ƙananan tashoshin sola na gari-gari da na gida-gida. Wannan karon ba a maganar katafariyar tasha guda, ana maganar injin niƙa da firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa.

Miliyan 17.5 ma lamba ce, kamar yadda megawat 1,125 ta kasance lamba a 2016. Yaron da aka haifa a Kankiya a watan da aka sa hannu kan waccan yarjejeniya yanzu ya kusa gama firamare, kuma shi ake aika wa da wayoyin gidan zuwa shagon caji bayan magariba.